Daidaita amfilifayar ƙarfi da tsohon firiyam mai kwalba

Daidaita amfilifayar ƙarfi da tsohon firiyam mai kwalba shi ne zaɓar na'urar da ke tura sauti zuwa sifika ta yadda za ta yi aiki lafiya da firiyam irin na shekarun 1950 da 1960, wanda aka ƙera da kwalaben lantarki kafin tiransisto ya mamaye kasuwa. Batun ya fi shafar masu tara tsofaffin kayan sauti da masu gyaransu. Waya ɗaya mai kan RCA ce ke haɗa na'urorin biyu, kuma kusan kowace waya tana shiga kowane rami, shi ya sa mutane da yawa ke ɗauka cewa in dai ta shiga to an gama. Sai an kunna ake jin kaurin kiɗa ya ɓace, ko huci ya cika ɗaki, wani lokacin ma sifika ta ƙone. Mafi yawan waɗannan matsaloli tushensu ɗaya ne: an ƙera tsohon firiyam don ya ɗauki kaya marar nauyi, amfilifayoyin zamani kuwa da yawansu nauyi gare su. Wannan nauyi, wanda ake aunawa da turjiyar shiga, ya fi yawan wat da sunan kamfani muhimmanci wajen zaɓe.

Kalmomi

Kwalbar lantarki wani ɗan gilashi ne da aka zuƙe iskar cikinsa, mai kama da ƙwan fitila. A cikinsa akwai katod da ake zafafawa har ya riƙa sakin ilektaron, da faranti mai karɓar su, da wata raga a tsakani da ke rage ko ƙara yawan masu wucewa. Turawan Ingila suna kiranta bawul saboda aikinta na buɗewa da rufewa, Amurkawa kuma suna cewa tub saboda siffarta. John Ambrose Fleming ne ya ƙirƙiro ta a Ingila a shekarar 1904, sannan Lee de Forest na Amurka ya ƙara mata raga bayan shekara biyu zuwa uku, abin da ya ba da damar ƙara ƙarfin sigina.

A wannan muƙala, turjiya na nufin abin da injiniyoyi ke kira imfidans, wato tirjewar da da'irar lantarki ke yi wa wutar da ke kaiwa da komowa. Ana auna ta da om, kuma kilo'om ɗaya om 1,000 ne. Kalmar da ta fi rikita ɗalibai ita ce "daidaita" kanta. A Hausa, kamar a Turanci, tana iya nufin mai da abu biyu su zama ɗaya, tana kuma iya nufin sa su dace da juna. Ma'ana ta biyu ake nufi a nan. Wanda ya ɗauki ta farko, ya nemi amfilifayar da turjiyarta ta yi daidai da ta firiyam, zai zaɓi mafi munin haɗi.

Rabon aiki

Firiyam shi ne ke share fage. Yana karɓar sigina daga allurar faifan garmaho, wadda ba ta wuce kimanin milibolt 5 ba, ko daga rediyo ko rikoda, ya gyara ta, ya ɗaga ta zuwa bolt ɗaya ko biyu. A jikinsa ake zaɓar abin da za a saurara, a jikinsa kuma ake murɗa bolum. Ba shi da ƙarfin motsa sifika. Wannan aikin amfilifayar ƙarfi ne: ta karɓi wancan bolt ɗaya ko biyu, ta mai da shi bolt 20 ko 30 tare da kwararar wuta mai yawa. Abin da ke bi ta wayar da ke tsakaninsu boltej ne kawai ake bukata, ba ƙarfi ba.

Tarihi

Faifan sitiriyo, mai sauti ta dama da hagu, ya shiga kasuwa sosai a 1958, kuma a 'yan shekarun nan ne aka fitar da firiyam ɗin da ake nema har yau. Kamfanin Saul Marantz na New York ya fitar da Model 7 a 1958, mai kwalba shida samfurin 12AX7. McIntosh na Binghamton ya fitar da C22 a 1963. Dynaco, wanda David Hafler ya kafa da abokin aikinsa a Philadelphia a 1955, ya riƙa sayar da jerin PAS a warwatse cikin kwali, mai saye ya haɗa da kansa a gida. A Ingila akwai Quad 22 na kamfanin Peter Walker da ke Huntingdon, da jerin Varislope na Harold Leak.

Kowane ɗaya an yi shi ne da abokin tafiyarsa a zuciya. Dynaco ST-70 ta 1959, mai wat 35 a kowane ɓangare, turjiyar shigarta kilo'om 470 ce. Ta Quad II ma ta wuce om miliyan ɗaya. Dalili kuwa shi ne ragar kwalba kusan ba ta jan wuta, don haka mai ƙira yana iya sa turjiya babba ba tare da wata asara ba. Da tiransisto, wanda aka ƙirƙiro a ɗakin bincike na Bell a 1947, ya karɓe kasuwar kayan sauti a ƙarshen shekarun 1960, sai lamba ta faɗo. Amfilifayoyin tiransisto na gida yawanci suna tsakanin kilo'om 10 da 50, kuma na majalisi da na situdiyo sun fi karkata ƙasa. Masu ƙera su ba su yi laifi ba, domin firiyam na tiransisto ba ya jin wannan nauyi. Tsohon mai kwalba ne ke ji.

Turjiyar fita da turjiyar shiga

Akwai wata ƙa'ida da ake jingina wa Moritz von Jacobi tun wajen 1840, wadda ta nuna cewa ana samun mafi yawan ƙarfi idan turjiyar mai bayarwa ta yi daidai da ta mai karɓa. Kamfanonin wayar tarho sun bi wannan hanya da layukansu masu om 600, tsofaffin situdiyo kuma suka gada daga gare su. Amma idan turjiyar biyu ta zo ɗaya, rabin boltej ne ke isa, wato asarar desibel 6. Tunda tsakanin firiyam da amfilifaya boltej ake so ya isa gaba ɗaya, sai aka koma wata ƙa'ida: turjiyar shigar amfilifaya ta ninka turjiyar fitar firiyam aƙalla sau 10.

Lissafin mai sauƙi ne. A ce turjiyar fitar firiyam kilo'om 2 ce. Idan aka haɗa shi da amfilifaya mai kilo'om 100, kashi 98 cikin 100 na sigina zai isa. Idan mai kilo'om 10 ce, kashi 83 ne zai isa, asarar da ta kai kimanin desibel 1.6. Da a ce wannan asara ta tsaya iri ɗaya a kowane amo, da babu damuwa, sai a ƙara murɗa bolum kaɗan. Matsalar ita ce turjiyar fitar firiyam mai kwalba ba lamba ɗaya ba ce. Wadda ake rubutawa a takardar na'ura yawanci an auna ta ne a Hz 1,000, kuma tana hawa sosai idan amo ya yi ƙasa, saboda dalilin da zai zo a sashe na gaba.

Yadda aka ɗauko sigina daga kwalbar ƙarshe shi ma yana da tasiri. Kwalbar 12AX7, wadda Turai ke kira ECC83, tana ninka sigina har kusan sau 100, amma turjiyar farantinta ta kai kimanin kilo'om 62, kuma wutar da ke bi ta cikinta ba ta wuce miliamfiya ɗaya da 'yan kai ba. Idan daga farantin aka ɗauko sigina kai tsaye, turjiyar fita za ta kai dubban om masu yawa, sai dai in an rage ta ta hanyar mayar da wani ɓangare na siginar baya. Wasu masu ƙira suna ƙara mataki guda da ake kira mabiyin katod, wanda ba ya ƙara sauti ko kaɗan, aikinsa kawai ya sauko da turjiya zuwa ɗaruruwan om. Marantz 7 yana da shi. Jerin PAS na Dynaco ba su da shi, kuma da yake maɓallan gyaran amo suna cikin da'irar da ke mayar da sigina baya, PAS ya yi suna wajen canja murya idan aka ɗora masa kaya ƙasa da wanda aka yi shi dominsa.

Ko mabiyin katod ɗin ma ba magani ba ne gaba ɗaya. Lambar turjiyarsa ƙarama ce, amma wutar da ke hannunsa ba ta ƙaru ba. Idan kaya ya yi nauyi, murgudewar sauti tana ƙaruwa tun kafin a ji wani abu ya ragu. Shi ya sa ƙa'idar sau 10 take zama mafi ƙarancin abin da za a yarda da shi, ba abin da za a nema ba. Ga tsohon firiyam da ba a taɓa canja masa komai ba, kilo'om 100 ko sama shi ne wurin da hankali ke kwanciya. Kilo'om 47 yana yiwuwa ga mai mabiyin katod. Kilo'om 10 kuwa da wuya ya yi kyau.

Ana yawan manta cewa kaya yana taruwa. Wanda ya raba wayar fita gida biyu, ɗaya zuwa amfilifaya mai kilo'om 47, ɗaya zuwa akwatin bes mai tasa amfilifaya ta kilo'om 10, abin da firiyam ke gani kimanin kilo'om 8 ne kacal.

Kafasitar fita da ɓacewar kaurin kiɗa

A cikin firiyam mai kwalba akwai wuta tsayayya da ke kaiwa bolt 250 zuwa 300. Don kada ta biyo waya, ana sa kafasita a bakin fita, wadda masu gyara suka fi sani da kwandansa. Tana tare wuta tsayayya, ta bar sigina ta wuce. Sai dai ita da turjiyar shigar amfilifaya suna haɗuwa su zama rariya mai tace amon ƙasa. Wurin da amo ke raguwa da desibel 3 ana samunsa ne da raba 1 da abin da ya fito daga ninka 6.28 da turjiya da girman kafasita.

Tsofaffin masu ƙira suna sa ƙananan kafasita, domin sun san kayan da ke gaba marar nauyi ne. Misali, kafasita mai maikurofarad 0.1 a gaban kilo'om 470 tana fara yanka ne a wajen Hz 3.4, nesa da abin da kunne ke ji, tunda jin ɗan Adam daga Hz 20 yake farawa. Ita wannan kafasitar a gaban kilo'om 47 tana yanka a Hz 34. A gaban kilo'om 10 kuwa, a Hz 159. Mafi ƙasan amon jitar bes mai tsirkiya huɗu Hz 41 ne, ke nan a haɗi na uku kusan duk kaurin bes da na babbar ganga ya tafi. Mai sauraro zai ce firiyam ɗin "ba shi da jiki", ko ya zargi kwalaben da tsufa ya kashe kuɗi wajen sayen sababbi, alhali na'urar lafiyarta ƙalau.

Hanyoyin gyara uku aka fi bi. Ana iya canja kafasitar da babba: mai maikurofarad 1 a gaban kilo'om 47 tana mai da wurin yankan zuwa Hz 3.4. Wannan yana dawo da bes, amma ba ya ƙara wa kwalbar wuta, kuma yana tsawaita bugun da ake ji lokacin kunnawa. Masu tara kayan tarihi ma ba sa son a taɓa cikin na'ura, domin darajarta tana faɗuwa. Ana iya sa ƙaramin akwati a tsakani, mai turjiyar shiga babba da ta fita ƙarama, wanda zai ɗauke wa firiyam nauyin. Hanya mafi tsafta dai ita ce tun farko a nemi amfilifayar da lambarta ta dace, kuma akwai na tiransisto masu kilo'om 100, musamman waɗanda matakinsu na farko FET ne.

Tsawon waya

A ɗaya gefen, wayar haɗi kanta tana da halin kafasita, kimanin fikofarad 100 a kowace mita, kuma wannan siraran amo yake ci. Firiyam mai turjiyar fita kilo'om 10 da waya mai mita 5 zai rasa kusan desibel 1.5 a Hz 20,000. Mai om 600 ba zai san ma an yi ba. Mita ɗaya zuwa biyu ta isa.

Ninki

Abu na biyu bayan turjiya shi ne yawan ninkin da na'urorin biyu ke yi idan aka tara. Amfilifayar zamani yawanci tana ninka boltej sau 20 zuwa 28, wato desibel 26 zuwa 29. Wat 100 a sifika mai om 8 yana bukatar bolt 28.3, don haka mai ninki sau 20 bolt 1.4 kawai take jira ta kai ƙarshen ƙarfinta. Tsohon firiyam kuma yakan ninka sau 10 ko fiye, domin rediyo da rikodar zamaninsa ƙasa da bolt ɗaya suke bayarwa. Na'urar faifan CD, da ta fito a 1982, bolt 2 take fitarwa, kuma mafi yawan kayan dijital sun bi sahunta. Bolt 2 sau 10 ya zama 20, inda 1.4 ake nema.

Sakamakon haka shi ne bolum ba ya iya tashi daga ƙasa. Ana ɗan taɓa shi ɗaki ya cika, kuma a daidai wannan wuri ne tsofaffin maɓallan bolum suka fi rashin daidaito tsakanin dama da hagu. Hucin kwalba, wanda a yawancin ƙira yake tasowa bayan bolum, yana samun cikakken ninkin amfilifaya ko da an rufe sauti. Da sifika mai saurin amsawa ana jinsa daga kujera. Amfilifaya mai nata maɓallin rage shiga tana warware wannan. In ba ta da shi, ana sa ɗan abin rage sigina na desibel 10 ko 12. Idan a gaban firiyam aka sa shi, yana ba bolum sarari amma bai taɓa huci ba. Idan a bakin amfilifaya ne, yana rage duka biyun, sai dai dole a duba tasa turjiyar, domin da yawansu ƙarama gare su, sai a koma matsalar farko.

Kayan Leak sun bi wata hanya dabam. Stereo 20 ta 1958 milibolt 125 kawai take bukata, saboda haka firiyam ɗin kamfanin ƙaramar sigina yake fitarwa. Ba zai iya cika amfilifayar da ke jiran bolt 1.4 ba.

Firiyam marasa wutar kansu

Quad 22 da firiyam ɗin Leak na wancan zamani ba su da taransifomar kansu. Wata waya mai ƙafafu da yawa ce ke kawo musu babbar wuta da wutar zafafa kwalba daga amfilifayar kamfaninsu. Wanda ya sayi ɗaya shi kaɗai ba zai iya ko kunna shi ba sai an gina masa akwatin wuta na musamman.

Haɗarin da ke kan sifika

Amfilifaya mai kwalba tana da taransifoma a bakin fita, wadda wuta tsayayya ba ta ratsawa. Amfilifayoyin tiransisto da yawa ba su da ita, wasu ma ba su da kafasita a bakin shiga, don haka duk abin da ya shigo za su ninka shi su miƙa wa sifika. Kafasitocin takarda na shekara 60 suna yoyo. A ce akwai bolt 100 a bayan kafasitar fita, yoyonta kuma ya kai matsayin om miliyan 10. A gaban kilo'om 47, kusan rabin bolt zai bayyana. Ninki sau 20 ya mai da shi sama da bolt 9, wanda zai zauna a kan siririyar wayar cikin sifika yana dafa ta da kusan wat 15, ba tare da an ji wani sauti ba. Saboda haka kafin haɗi na farko ana auna bakin fitar firiyam da mita. Ya kamata bayan ya yi ɗumi lambar ta zauna kusa da sifiri.

Ko lafiyayyen firiyam yakan yi amai na 'yan daƙiƙu lokacin da kwalaben ke ɗaukar zafi, kuma tsofaffin ba su da abin rufe fita na wannan lokaci. Tsarin shi ne a kunna firiyam, a jira daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya, sannan a kunna amfilifaya. Wajen kashewa amfilifaya ce farko. Kada kuma a kunna amfilifaya mai kwalba babu sifika a jikinta, domin taransifomar fita na iya lalacewa. Buɗe cikin waɗannan na'urori aikin mai gyara ne, tunda manyan kafasitocinsu suna riƙe da ɗaruruwan bolt ko bayan an zare su daga soket.

Yawan wat

Firiyam ba ruwansa da yawan wat. Sifika da girman ɗaki ne ke yanke wannan. Ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa, desibel 10 kuma yana bukatar wat sau 10. Klipschorn, wadda Paul Klipsch ya fara ƙerawa a Arkansas a 1946, tana ba da kimanin desibel 105 daga wat ɗaya, don haka wat 10 ma ya yi mata yawa a falo. Ƙaramar LS3/5a ta BBC kuwa wajen desibel 83 take, tana son wat masu yawa kafin ta buɗe murya. Haɗa firiyam mai kwalba da amfilifayar tiransisto abu ne da aka daɗe ana yi saboda irin wannan sifika ta biyu, kuma ba shi da aibi in lambobin da ke sama sun dace.

Wutar gida

Mafi yawan waɗannan tsofaffin na'urori don wutar Amurka aka yi su, kimanin bolt 117 a wancan lokaci, mai juyawa sau 60 a daƙiƙa. Na kasuwar Japan bolt 100 ne. A Najeriya da Nijar wutar gida tana tsakanin bolt 220 da 240, mai juyawa sau 50. Duk wanda ya sami irin wannan kaya a gwanjo sai ya karanta farantin bayansa, ya nemi taransifoma mai sauko da wuta kafin ya kusanci soket. Ko da ita, taransifomar cikin na'urar da aka yi don Hz 60 tana ƙara zafi a Hz 50, saboda haka tana bukatar wurin shan iska.

Hawa da saukar wuta ya fi cutar da kwalba fiye da tiransisto. Abin zafafa katod bolt 6.3 ko 12.6 yake so, tsofaffin firiyam kuma ba su da abin daidaita wuta a ciki, don haka duk abin da layi ya yi kwalba za ta ji. Idan ya wuce kima, kwananta ya ragu. Ɗaukewar wuta da dawowarta nan take kuma tana karya tsarin kunnawa, domin na'urorin biyu za su tashi lokaci guda. Masu amfani da janareto sukan sa sitabilaiza mai jinkirta dawo da wuta, su kuma kashe amfilifaya da hannu da zarar an ɗauke. Idan bayan haɗi aka ji ƙugi mai kauri wanda bolum ba ya canja shi, galibi wayar ƙasa ce ta zaga ta hanya biyu, kuma abu na farko da ake gwadawa shi ne jona firiyam da amfilifaya a soket guda.